Ciwon da ke Cikin Akwatunan Baba

Sai da na kai shekara ta uku a jami'a, a Winnipeg, aka fara barinmu mu taɓa abu da hannunmu. Kafin nan hadda ce zalla: sunayen ƙananan halittun da ido ba ya gani, wadda ke sa madara tsami, wadda ke kumbura burodi, wadda ke kwantar da mutum. Malamarmu ta ɗakin gwaji, Dakta Fontaine, gajeriyar mace ce mai furfura. Ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. A makon farko na Satumba ta ba mu aikin zangon gaba ɗaya. Kowa ya samo ƙwaya ɗaya daga inda yake rayuwa, ya raine ta a faranti har ta fito ita kaɗai, ya gano sunanta, sannan ya gwada wane magani ne ke kashe ta.

Jomar, wanda muke teburi ɗaya da shi, ya ce daga soson wanke-wanken gidansu zai ɗebo tasa.

"Mu tara ne a gidan, soso ɗaya. Ke Lesia, ranar da zan buɗe farantin nan ki tsaya kusa da ƙofa."

Na ce ni gida zan je, babana na kiwon ƙudan zuma.

Sunansa Orest Wasylyk. Akwatunansa ɗari biyu da arba'in ne, a wurare biyar, tsakanin gonakin kanola, shukar da ake matse mai daga irinta, tafiyar awa uku daga birni. A wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar. Tun da mahaifiyata ta rasu mu biyu ne a gidan, da na tafi karatu kuma ya rage shi kaɗai.

Ranar Asabar ɗin da na je muna zuba musu ruwan sukari ne, don su tara abincin hunturu. A wurin da ke gefen hanyar coci akwai wani akwati a gindin bishiya wanda ƙudansa suka yi ƙaranci. Da Baba ya ɗaga murfin sai wani wari ya bugo ni, kamar na fatar da aka jiƙa aka manta da ita. Na san warin tun ina ƙarama. Murafun da ƙudan ke yi wa 'ya'yansu a cikin saƙa sun lotsa, sun yi duhu, wasu da ɗan huji a tsakiya.

"Mura ce," in ji Baba. "Kaka ta yi, dole."

Ya ɗauko gwangwaninsa na garin magani da aka gauraya da garin sukari, ya barbaɗa a saman katakan da saƙar ke jikinsu. Ni ce mai gauraya masa wannan garin tun ina 'yar shekara tara, sau biyu a shekara, a kan teburin kicin. Ban taɓa tambayar na mene ne ba. Na zaro wuƙa na yanki saƙar kamar faɗin tafin hannu, na sa a leda.

"Me za ki yi da wannan ƙazantar?"

"Aikin makaranta."

"To, Likita. In kin gano maganin murar ki aiko mana a wasiƙa."

Washegarin ranar da muka shuka farantanmu, na Jomar ya cika maƙil, ja da rawaya da fari, har da wani mai gashi. Nawa kuwa babu komai. Na bi abin da littafi ya ce, na dafa ruwan saƙar tukuna don duk wata ƙwaya mai rauni ta mutu. Kwana biyu ina ciro faranti daga akwatin ɗumi ina mayarwa, Jomar na cewa ai na dafa makina na cinye. A rana ta huɗu wasu ɗigo-ɗigo suka fito, ƙanana, ruwan toka, gefensu ba santsi.

Na shafa su a gilashi, na rina, na leƙa a madubin ƙara girma. 'Yan sanduna ne sirara, sun jeru kamar sarƙa. A tsakaninsu akwai waɗanda suka dunƙule suka yi ɓawo kamar iri. Na ɗiga kaɗan a madarar da aka sirka da ruwa, ba da jimawa ba madarar ta washe. Tun a nan na fara zargi, domin na ga hoton wannan a littafi. Amma na ce wa kaina ƙwayoyi masu kama da juna suna da yawa.

Saura gwajin magani. Ana shafe faranti da ƙwayar, a ɗora 'yan takardu zagayayyu guda shida, kowace an jiƙa ta da magani daban. Inda magani ke aiki za a ga fili fes kewaye da takardar. Biyar sun yi fili, wasu babba wasu ƙarami. Ta shidan, mai ɗauke da irin maganin da ke gwangwanin Baba, ƙwayar ta tsiro har bakinta. Na sake gwajin. Na sake na uku. Jomar ya daina tsokanata.

Ban ji zuwan Dakta Fontaine ba, sai muryarta na ji a bayana.

"Ina sauran abin da kika ɗebo?"

Na miƙa mata ledar. Ta sa safar hannu, ta ɗauki tsinken ashana, ta soka a rami ɗaya, ta juya, ta janyo a hankali. Wani abu ruwan ƙasa ya biyo tsinken yana yauƙi, ya miƙe ya kai tsawon ɗan yatsa kafin ya tsinke. Ta jefa tsinken a kwandon da ake ƙonawa.

"Wanke hannunki ki same ni a ofis."

A ofis ba ta yi wani kewaye-kewaye ba. Ta ce ciwon da ke ruɓar da 'ya'yan zuma ne, mafi muni a cikinsu. Ba ya kama mutum. Amma irin nan mai ɓawo yakan yi shekara arba'in ko fiye a jikin katako da kaki yana jira. Magani ba ya kashe shi, rufe shi kawai yake yi. Wannan da na kawo kuwa ko rufuwar ya daina.

"Na wa ne ƙudan?"

"Na babana."

Ta cire tabarau ta murza idonta.

"Doka ta ce duk wanda ya gani ya sanar da hukuma. Ni na gani. Yau Alhamis. Ki je gida, ki ce masa ya buga musu waya da kansa ranar Litinin, ya fi masa mutunci. In bai buga ba, Talata ni zan buga."

"Malama, me za su yi?"

"Kin karanta babin."

Na karanta. Wuta ce.

Da na isa gida ranar Juma'a da yamma na tarar yana soya firogi, 'yan curin fulawa masu dankali a ciki, da albasa. Ya yi murna da ganina, ya ce ashe birni bai cinye ni ba. Na bari muka ci muka gama, sannan na ajiye hotunan farantan a gabansa na yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, yana jujjuya cokali mai yatsu a hannunsa.

"Kin gama?"

"Na gama."

"Tun kafin a haife ki abin nan yake cikin akwatunan. Kakanki ya rayu da shi, ni ma na rayu da shi. Shekara talatin ina danne shi. Ke kuma wata ɗaya da ba ki farar riga kin zo ki koya mini ƙudan zuma?"

"Baba, ashe ka san ba mura ba ce."

"Na san abin da na sani."

"Garin ya daina aiki. Ka duba nan, ka ga yadda..."

"Ɗauke mini tarkacen nan daga teburi."

Na tambaye shi zancen Inna Verna. Maƙwabciyarmu ce, Verna Loewen, gonarta mil biyu daga tamu. Ita ta riƙa yi mini kitso da ɗinkin kayan makaranta bayan rasuwar mahaifiyata. Da mijinta ya mutu ta fara kiwon zuma don ta sami abin yi, kuma a bazarar da ta wuce Baba ya ba ta gidaje ashirin daga cikin nasa, da saƙarsu da komai.

"Lafiyayyu na zaɓa mata," ya ce.

"Da ido ka zaɓa."

Ya miƙe ya zuba kwanukan a wurin wanki da ƙarfi har ɗaya ya fashe.

"Wa ya aike ki? Ni na ce ki kai musu? Kin shigo gonata, kin yanki abina a gabana, ina miki dariya."

Haka kuwa aka yi.

Ranar Asabar bai yi mini magana ba. Ranar Lahadi da na tashi, a-kori-kurarsa ba ta nan. Sai wajen ƙarfe goma ya dawo. Tayoyin sun sha baƙin taɓo, a bayan motar kuma ga matattun ƙudan zuma da igiyoyin ɗaure kaya. Baƙin taɓo irin wannan wuri ɗaya ake samunsa, a tsohuwar gonar kakana da ke bayan rafi, inda ba a noma tun da daɗewa. Ya wanke motar da tiyo, ya shigo ya sa kayan coci.

Litinin da safe, ina tsaye a bakin ƙofa, ya ɗauki waya ya buga wa hukuma da kansa. Muryarsa a sake, har da ɗan raha. Ya ce 'yarsa mai karatu ta ga wani abu a akwati ɗaya, yana so a zo a duba don hankali ya kwanta.

Mai dubawar ya zo ranar Laraba. Ban koma makaranta ba, na jira shi. Sunansa Mista Sigurdson, dogo ne mai sanƙo, ya san Baba shekaru da yawa daga taron masu zuma. Muka bi wuraren nan biyar ɗaya bayan ɗaya. Yana buɗewa, yana ɗaga saƙa ga rana, yana soka tsinke. A akwati bakwai ya sami alama, ba mai yawa ba, ya yi musu gicciye da jan alli.

"Orest, a takarda ɗari biyu da arba'in ka rubuta. Ni ɗari biyu da shida na gani."

"Na haɗe raunana da masu ƙarfi. Kaka ce, ka sani."

Mista Sigurdson ya gyaɗa kai ya rubuta. Muna wurin gefen hanyar coci ne a lokacin. Ya rufe littafinsa, har ya juya zai tafi mota, sai ya waiwayo gare ni.

"'Yan mata, wanda kika yanko saƙar daga cikinsa, wanne ne? Malamarku ta ce ya ruɓe sosai. Ban ga mai kama da haka ba."

Na dubi gindin bishiyar. Babu akwati, sai shacinsa a ƙasa, inda ciyawa ta kwanta ta yi fari. Baba yana tsaye da gwangwanin hayaƙin da ake kwantar da ƙudan da shi a hannu, bai dube ni ba. Da na ce na manta, da an wuce wurin. Mista Sigurdson ba mai son tone-tone ba ne, na ga haka a fuskarsa.

Amma na san abin da ke faruwa da akwatin da ya raunana a ƙarshen kaka. Ƙudan wasu gidajen sukan gano shi, su shiga su kwashe zumar, su kai nasu gidan da duk abin da ke cikinta. Daga bayan rafi zuwa gonar Inna Verna bai kai mil biyu ba. Gaba da ita kuma akwai wasu masu zumar.

"Yana bayan rafi," na ce. "Su talatin da huɗu ne."

Baba ya sunkuya ya zazzage garwashin gwangwaninsa a ƙasa, ya taka da takalmi har ya mutu. Sannan ya ce wa Mista Sigurdson, "Motarka ba za ta shiga ba. Zo mu je a tawa." Ni suka bar ni a nan, na tako gida da ƙafa.

Bayan an aika saƙar an tabbatar, hukunci ya zo. Da na bayan rafi, da duk na wurare uku da aka sami alamar, da tsofaffin akwatunan da ke jibge a rumfa, duka wuta. Sauran a ba su wani magani ta hannun likitan dabbobi, kada a motsa su, kada a sayar.

Wani manomi ya zo da motar haƙa ya tona rami a bayan rumfa, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum. Da sassafe ake yi, lokacin da sanyi ya hana ƙudan fita. A toshe ƙofar akwati da tsumma, a ɗaga murfi kaɗan, a zuba fetur kofi guda, a rufe. Ma'aikatan hukuma biyu sun zo don wannan, Baba ya ce ba wanda zai taɓa masa. Shi ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya. In ya zuba, sai ƙugin cikin akwatin ya tashi sama, ya yi ƙara har ka ji a ƙafarka, sannan ya yi ƙasa, ya ɗauke. Minti ɗaya bai cika ba. Sai ya matsa na gaba. Na ɗauko tsummokaran zan taya shi, ya karɓe daga hannuna.

Kwana uku ana ƙonawa. Kaki yana cin wuta kamar mai. Zumar ba ta ci, narkewa take yi ta gangaro ƙasan ramin tana tafasa, ta yi baƙi. Warin ya shiga labule da katifa da gashin kaina.

A rana ta biyu aka kawo na Inna Verna, domin ita ba ta da wurin haƙa rami. Ashirin ɗin da Baba ya ba ta, da goma sha ɗaya nata na asali da suka kamu. Da ma ta yi musu fenti shuɗi da kore, kowanne da lambarsa. Ta biyo motar da ta kwaso su a tata motar, ta fito ta tsaya a bakin ramin da hannu a aljihun rigar sanyi.

"Orest, tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da ka kawo mini su, ka sani?"

"Verna, lafiyayyu na zaɓa miki."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

Ya kau da kai ya dubi ramin. Ta jira, ta jira, sannan ta gyaɗa kai. Na matsa kusa da ita na ce, "Inna, ki yi haƙuri." Ta dube ni sama da ƙasa.

"An ce ke kika gano. Kin kyauta. Da kin gano a watan Mayu da ya fi."

Ta shiga motarta ta tafi tun kafin a jefa na farko.

Na koma makaranta bayan na rasa mako biyu. Jomar ya kwafar mini duk abin da aka yi, ya kuma riƙa sabunta mini farantaina don kada ƙwayar ta mutu. Bai yi mini tambaya ba. Da na zauna sai ya turo mini rabin burodinsa ya ce, "Ci, kin zama kamar sandar mofa."

Na rubuta rahoton, shafi goma sha takwas. A wurin da ake faɗin inda aka samo ƙwaya na rubuta "wata gonar zuma a yammacin lardi". Na fi kowa maki a ajin. Dakta Fontaine ta ce tana so ta adana ƙwayar don masu bincike, ko zan yarda. Na ce ai ba tawa ba ce. Ta sa ni na zuba ta da hannuna a 'yar kwalba, na manna lamba, muka sa a firjin da ke ƙarshen baranda.

Akwati saba'in da ɗaya suka rage wa Baba. A ƙarshen Oktoba ake naɗe su da baƙin bargo saboda hunturu. Na buga masa waya na ce zan zo mu naɗe, ya ce ba sai na zo ba. Da na je hutun Kirsimeti na hango su daga hanya, tsirara, dusar ƙanƙara ta hau kansu. Bai naɗe ko ɗaya ba. A gida muka yi maganar tayoyin motata da kuɗin mai, da wanda ya mutu a garin. Ya daina zuwa coci, don a nan Inna Verna take zama a layi na biyu.

Da bazara ta yi, tara ne suka fita da rai. Ya kira Mista Sigurdson ya ce a zo a kwashe su, a yi duk abin da aka ga dama. Ya sami aikin tuƙa motar gyaran hanya ta gunduma.

Ni ma ban koma gida ba a hutun bazarar. Dakta Fontaine ta samo mini aiki a wata masana'antar nama a gefen birni. Kullum da ƙarfe shida na safe nakan sa takalmin roba, in bi magudanan ruwa da injinan yanka ina shafa auduga, in kai ɗakin gwaji. Ma'aikatan ba sa son ganina, domin in farantina ya nuna wani abu, layinsu ake tsayarwa. Ranar Lahadi nakan buga wa Baba waya. Wani lokaci ya ɗauka.